Inda Shanu Suke Kwana

Duk wanda ya saba cin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ya san Iyatu, ko da bai san sunanta ba. Doguwar Bafulatana ce mai wushirya, daga wata ruga da ke bayan Galadi, kuma tun tana amarya take sauke ƙwaryar nono kusa da 'yan fura. Mace ce mai baki. In ka ɗanɗana nononta ka ce ya yi tsami, sai ta ce maka ba nonon ba ne, bakinka ne bai ga asuwaki ba tun jiya, kuma haka za ka saya kana dariya. Ta ce ita ba ta taɓa zuba wa nono ruwa ba. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ba a dai sami mai ƙarfin halin ƙaryata ta a gabanta ba.

Mijinta, Jatau, ya rasu da daɗewa. Ba ta sake aure ba, ba ta kuma koma gidansu a Galadi ba. Ta ci gaba da zama a rugar ƙarƙashin yayan mijin, wani dattijo mai ƙarancin magana da ake kira Ladan. 'Ya'yanta maza sun yi kudu da kiwo. Autarta, Salima, ita ce ta rage kusa da ita, don ɗan Ladan ɗin take aure, Armiya'u. Saboda haka rugar nan ita ce duniyar Iyatu kacokan, a nan 'yarta take, a nan jikokinta, a nan 'yan shanun da marigayi ya bari.

A rugar akwai tsari da kowa ya tashi ya tarar. Shanu na maza ne, nono na mata. Namiji ba ya tambayar inda aka kai nono, mace kuma ba ta faɗa wa kowa inda shanu suke kwana. Da can wannan magana ta kunya ce kawai da gudun bakin mutane. Amma tun da daji ya lalace, ɓarayin shanu suka yi yawa, sai ta zama maganar rai. Ladan ba ya barin garke ya daɗe a wuri ɗaya. Yana da wasu 'yan wurare da yake zagayawa tsakaninsu, yau a gefen fadama, bayan 'yan kwanaki a bayan dutse, kuma shi kaɗai ya san wanda zai bi wani.

A cikin Shinkafi kuwa Iyatu tana da masauki, gidan Hajiya Mero mai sayar da atamfa. Nan take sallah, nan take ajiye ƙoren da ta gama da su, nan suke zama su yi ta tsokanar juna, wannan ta ce Bafulatanar daji, waccan ta ce Bahaushiya mai tsoron saniya. Lokacin da Hajiya ta haifi 'yarta Nabila ta yi doguwar jinya, Iyatu ce ta riƙa goya jaririyar duk ranar kasuwa, da aka yaye ta kuma ba ta taɓa zuwa ba tare da 'yar ƙwaryar kindirmo ta musamman ba. Nabila ta tashi tana ce mata Goggo. Ta yi karatun kwamfuta a Kaura Namoda, ta yi aure, ta dawo gida ta sami aiki a wani kamfanin sarrafa madara da ya buɗe wurin tarawa a garin.

A shekarun nan zuwa kasuwa ya zama sayar da rai. Matan ruga da yawa sun daina fitowa, nono yana yin yawa a gida har a zubar. Wata Alhamis Iyatu ta iso gidan Hajiya ƙafa duk ƙaya, don sun bar hanya sun ratsa gonaki da suka ji ƙarar babura. Nabila ta kawo mata ruwa ta zauna kusa da ita.

"Goggo, wahalag ga ta isa hakanan," in ji Nabila. "Kamfaninmu na bukatar madara, ku kau kuna da ita. Ku zamna gida, mu aiko 'yan kabu-kabu su ɗauka har ruga."

Iyatu ta yi dariya. "Su ɗauka ina? Ke kin san inda munka kwana jiya? Ko ni da nika cikinsu sai an ce a ɗaure kaya nika sanin an tashi."

Nabila ta ce ai an yi tunanin wannan. Matan ruga za su kafa ƙungiyarsu, kuma ƙungiyar ce za ta mallaki rumbun da ake ajiye bayanan, ba kamfani ba. Za a ba Iyatu waya. Kowace safiya ta danna wuri ɗaya, wayar ta rubuta inda suke a cikin rumbun nasu. Kwamfutar kamfani za ta leƙa ta gani, ta nuna wa mai babur ɗaya hanya a wayarsa, shi ke nan.

"Leƙe kawai takai, Goggo. Ba ta ajewa. Da an ruhe, ta manta. Ko ni da nika zaune gabanta, in na dawo da marece ba ni iske komi. Kuma mabuɗin na hannunki, randa kinka so ki kulle."

"Ta gani ta manta?" in ji Iyatu. "To wallahi wagga na'ura taku ta hi mutane hali."

Iyatu ba ta yarda da baki ba, sai da ta je ofishin ta gani da idonta. Manajan wurin, wani mai gilashi da ake kira Zaharaddeen, ya sa aka gwada a gabanta. Ta danna wayar, sai ga ɗigo ya fito a kan taswira a fuskar kwamfuta. Aka rufe, aka sake buɗewa bayan ta kulle daga wajenta, babu ɗigo babu alamarsa. Ta sa aka maimaita har manajan ya fara duba agogo. Ta fito ranta fari, tana jin ta samo wa matan ruga abin da mazansu suka kasa samowa.

Shawo kan Ladan shi ne babban aikin. Ta same shi yana ɗaure maruƙa, ta durƙusa gefe ta yi masa bayani da Fulatanci. Shi duk tsoronsa na'urar ce. Ya tambayi ina take kai abin da ta gani, wa ya ƙera ta, ko tana da wani ciki da ba a nuna wa Iyatu ba. Ta amsa iya abin da ta sani. Ta ƙara da cewa mai babur ɗaya ne kawai zai ga wurin, na ranar kaɗai, kuma kafin ya sake zuwa wataƙila sun tashi. Ta ce mai zama gaban kwamfutar kuma 'yar Hajiya Mero ce, wadda ta yi wa goyo.

Da ta gama, Ladan ya ce, "Ban san na'ura ba, ban san 'yar Hajiya ba. Ke na sani. Ke nake ba wa amanar garken nan, Iyatu. In wani abu ya same shi ta wannan hanya, babu wanda za a duba sai ke."

Ta ce ta ɗauka. Ta faɗe shi da sauri ma, irin saurin wanda ya tabbata ba zai taɓa biya ba.

Daminar nan kam an ji daɗi. Kullum da hantsi mai babur zai iso da tulunan ƙarfe, a auna madara, ya juya. Mata suka huta da ratsa daji. Salima ta yi ƙiba, yara suka sami sababbin takalma. Labari ya bazu, wasu rugagen suka shigo ƙungiyar, har daga ɓangaren Zurmi. Iyatu ta zama shugaba, ta ɗinka wa wayar jaka ta rataya a wuya, kuma in gaskiya za a faɗa kanta ya ɗan yi girma. Duk matar da ta nuna shakka sai ta ce mata, "Ke da ba ki iya ɓoye abin da mijinki ya faɗa miki jiya, ke ce za ki zargi abin da ba ya da baki?"

Matsala ɗaya aka samu da farko. Da an wuce Galadi sabis yake ɗaukewa, kuma tun da wayar mai babur ba ta ajiye komai, da sabis ya tafi taswirar ma sai ta tafi. Sai mutum ya yi ta bulayi a daji, ya iso rana ta take, madara ta tsinke. Iyatu ta kai ƙara wurin Nabila. Ba a daɗe ba 'yan babur suka daina ɓata, ko da sabis ko babu. Iyatu ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta dai kai wa Nabila man shanu cikin kwano, ta sa mata albarka.

Ko da ta daina tallan nono, ba ta daina zuwa gidan Hajiya ba in hanya ta yi sauƙi. Wata Alhamis bayan kaka ta je, suka ci tuwo tare su uku a kwano ɗaya. Nabila ba ta da walwala, loma kaɗan ta yi ta tsame hannu. Iyatu ta tsokane ta ko jika ne a hanya. Nabila ta ce ciwon kai ne. Da Iyatu za ta tafi ta rako ta har zaure, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta ce a gaida su Salima.

A makon da ya biyo baya Ladan ya ce a tashi daga fadama a koma bayan dutse. Maza suka yi gaba da shanu da rana tsaka, mata suna baya da jakuna da kaya. Ashe ana jiran su a can. 'Yan bindiga sun riga su isa, sun ɓoye baburansu cikin duhuwa, sun zauna suna jiran garken da bai ma iso ba. Suka harbi Armiya'u a cinya, suka kora shanun. Abin da ya tsira bai wuce 'yan tsofaffin shanu da maruƙan da suka warwatsu ba.

Allah ya yi Armiya'u da sauran kwana, aka kai shi asibiti aka cire harsashi aka dawo da shi. Amma abin da ya hana kowa sakewa a rugar shi ne tambaya ɗaya: ta yaya aka san inda za su tun kafin su je? Babu wanda ya furta ta a gaban Iyatu. Ladan bai ɗaga mata murya ba, bai ma dube ta ba. Matan da suke kiran ta shugaba suka koma yin shiru in ta nufo su. Da sun zage ta da ya fi mata sauƙi.

Ta hau babur ta tafi Shinkafi, kai tsaye ofishin. Nabila ba ta zo aiki ba ranar. Zaharaddeen ya yi mata jaje sosai, sannan ya juyo da kwamfutar ya nuna mata. Ya buɗe nan, ya buɗe can, ko'ina fayau. Ya ce tsarinsu bai taɓa ajiye ko ɗigo ɗaya ba, kuma manyansu a shirye suke su rantse a kan haka. Gaskiya yake faɗa, ta gani a fuskarsa. Sai dai ta lura ya fi damuwa da ta amince babu laifin kamfani fiye da yadda ya damu da ƙafar Armiya'u. Ta so ta ce masa na shiga ban ɗauka ba ba ta fid da ɓarawo, amma ba ta da abin kamawa, sai ta fito.

A bakin ƙofa 'yan kabu-kabu suna zaune a inuwa. Ɗaya daga cikinsu, Muhtari, wanda ya fi kowa zuwa rugarsu, ya taso ya durƙusa.

"Inna, Allah shi mayar da alheri. Wallahi abin na raina. Tun randa anka tare ni hanyar Zurmi anka ƙwace wayata, nic ce ma Malama Nabila a yi maza a gaya maku, tunda hotunan duka suna ciki."

"Waɗanne hotuna?"

Muhtari ya dube ta, ya gane ba ta sani ba, amma magana ta riga ta fita. Ya karɓi wayar wani abokin aikinsa ya nuna mata. Ashe maganin da Nabila ta yi wa ɗaukewar sabis shi ne, kowace safiya in taswira ta fito a kwamfuta, sai ta ɗaga wayarta ta ɗauki hoton fuskar kwamfutar, ta tura guruf ɗin da 'yan babur suke da shi a waya. Hoto kuwa ba ruwansa da sabis, in ya shiga waya ya zauna. Muhtari yana ja da yatsa, hotuna suna wucewa, tun daga farkon damina har kaka. Iyatu ba ta karatu, amma ta san lanƙwasar gulbinsu, ta san dutsen. Ta ga ɗigon rugarsu yana tafiya daga fadama zuwa dutse, daga dutse zuwa tsohuwar gona, ya sake dawowa fadama. Zagayen da Ladan ya ɓoye wa 'ya'yan cikinsa, ga shi a shimfiɗe, ko yaro ya duba zai faɗi inda za a koma.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Wata da watanni suna harare-hararen na'ura, ita kuwa baiwar Allah ta cika alkawarinta.

"Yaushe anka ƙwace wayar?" ta tambaya.

"Ran wata Talata, Inna. Kwana biyu kahin kasuwad da kinka zo ta ƙarshe."

Wannan ce ta soke ta. Hoton ma da sauƙi, mutum yana iya yin wauta da niyyar taimako. Amma Alhamis ɗin nan da suka sa hannu a kwano ɗaya, Nabila ta sani. Kalma ɗaya za ta faɗa a zaure, Ladan ya canja hanya, shanu su tsira.

Ta nufi gidan Hajiya, ta iske su a tsakar gida, uwa da 'ya. Ba ta zauna a tabarmar da Hajiya ta shimfiɗa ba. Nabila na ganin fuskarta ta fara kuka.

"Goggo, don madararku nay yi. Tana lalacewa, ke da kanki kinka kawo ƙara."

"Na ji wannan. Waya hwa da anka ƙwace?"

"Dokar kamfani ta hana ɗaukar hoto. In na hwaɗi, sai an tambayi mi ac cikin wayar, aikina ya tahi. Na ɗauka saida ta za su yi, ba su dubawa. Na so in gaya maki, Goggo, wallahi na so."

"Kin so," in ji Iyatu. "Kin raka ni har zaure. Kinka ce in gaida Salima. To mijinta na kwance, ban sani ba ko shi ƙara taka ƙahwa tai."

Hajiya Mero ta kama gefen zanenta. "Aminiya, ki duba zamanmu. Ƙuruciya ta. Ki ruhe muna asiri, in maganag ga ta hita ba aiki kaɗai ba, garin ga ma ba ta iya zama."

Iyatu ta dubi matar da suka yi shekaru suna raba goro ɗaya. Ta jira ta ji ko za ta tambayi yadda ita za ta zauna a rugar, ko shanu nawa suka rage, ko me za ta ce wa Ladan. Hajiya ba ta tambaya ba. Baƙin cikin da Iyatu ta ji a lokacin ya fi na ranar da aka kora shanun, don ranar nan waɗanda ba ta sani ba ne suka cuce ta. Ta zare zanenta a hankali, ta shiga ɗakin da take ajiya ta kwaso tsofaffin ƙorenta, ta fita ba sallama.

Da ta koma ruga ba ta ɓoye wa Ladan komai ba. Ta faɗi hoton, ta faɗi wayar da aka ƙwace, ta faɗi man shanun da ta kai na godiya ba tare da ta tambayi yadda aka yi ba. Ta cire jakar wayar daga wuyanta ta ajiye a gabansa. Ya tura mata ita baya da bakin sanda, ya ce, "Na ji." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Bayan 'yan kwanaki ya aiko Salima ta gaya mata maganin Armiya'u ya kusa ƙarewa, ta je Shinkafi ta sayo, kuma tun da hanya ba kyau ta kwana gidan ƙanenta a Galadi, za a aiko a karɓa. Iyatu ta ji sanyi a ranta, ta ɗauka an fara sa ta cikin hidima kamar da. Ta je ta sayo, wani ɗan'uwan Ladan ya zo da babur ya karɓi maganin. Washegari tana shirin komawa, sai ga wani makiyayi ya koro shanu biyu da maraƙi har ƙofar gidan, da jaki ɗauke da gadonta da ƙorenta. Ya ce Ladan ya ce wannan ne rabonta cikin abin da ya tsira. Bai tsaya shan ruwa ba.

Duk da haka sai da ta je ta gani. Ta tarar da duwatsun murhu da busasshen kashin shanu, da ramukan da aka tuge turaku. Sawun ya bi burtali ya shige cikin na wasu garkunan, ba a iya cewa gabas aka yi ko arewa.

Yanzu Iyatu tana Galadi, a ɗaki ɗaya a bayan gidan ƙanenta. Ƙungiyar ta watse. Tana tatsar shanunta biyu, tana sayar da nonon a ƙofar gida, bakinta kuma ya mutu, mai cewa ya yi tsami sai ta rage masa kuɗi kawai. Ba ta sake taka Shinkafi ba. Wayar dai tana nan, don ta nan kaɗai take jin muryar Salima in an dace da sabis.

Kiran farko ya shigo ne wata safiya tana wanke ƙwarya. Suka gaisa da Fulatanci, Salima ta ce Armiya'u ya fara dogara sanda, yara suna tambayar ta. Iyatu tana jin kukan maraƙi a bayan muryar, da tarin Ladan can nesa kaɗan. Ba da wata niyya ba, tambayar uwa ce kawai ta fito mata.

"Ina kuka sauka?"



"Lafiya lau muke, Inna. Akwai ruwa, akwai ciyawa."

"Na ce ina, Salima?"

"Baffa ya ce a gaishe ki."

Iyatu ta ce tana amsawa. Ba ta sake tambaya ba, don ta gane amsar, ita ce ta koya wa yarinyar yadda ake ba baƙo ita.